Gwangwanin Hovsep

Ranar Laraba nake yi wa Hovsep aski.
Shekara tamanin da bakwai, haƙori huɗu,
ɗaki na sha ɗaya, gidan tsofaffi, Manchester,
inda ruwan sama bai san rani ba, bai san damina ba,
zuwa kawai yake kamar mai bin bashi.

Ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanin biskit.
Ba biskit a ciki. Fam-fam ne ɗaure da kyauro,
da taswira da ninki ya cinye har ta yage a kan Yerevan,
da hotuna bakwai.

“Duba nan,” in ji shi, kumfa a gemu.
“Geghard. Ba ɗora ta aka yi ba,
dutse aka fafe kamar duma,
aka bar kafa a sama don haske ya riƙa sauka.
Wannan Tatev, a bakin kwazazzabo take tsaye
kamar akuyar da ta ƙi kora.”
Bai taɓa zuwa ba. Nan aka yanke masa cibiya,
nan ubansa ya auna yadi har ƙasa ta rufe masa ido.
Amma ya san matakala nawa ce, ya san wadda ta guntule.

Lamara mai rabon magani ’yar Jojiya ce,
ba ta wucewa ba ta tanka ba:
“Tsoho, sai ka ga Jvari tukuna,
tana kan tudu, koguna biyu na gaisawa a gindinta.
Sai ka ga Vardzia, gari guda a jikin dutse kamar gidan rina.”
Musu ya kaure: ta wa ta riga, baƙaƙen wa suka fi kyau.
Ta rubuta sunana a bayan takardar magani,
harufa masu lanƙwasa kamar yaɗon kabewa.
Ni dai aska na hannuna,
ina jiran maƙogwaro ya tsaya wuri ɗaya.

Ban gaya musu ni ɗan magini ba ne.
Na cuɗa ƙasa da ƙafata a Zariya, na cilla tubali sama,
na ga babana ya ɗaure bakan gizo da azara,
ya rufe tulluwa, ya sauko yana kaɗe hannu.
Da na kai hoto na biyar, gicciye sassaƙe a dutse,
zare na shiga zare, ba farko ba ƙarshe,
na ce a raina: ai wannan dagi ne,
hannun mai ɗinkin aska takwas.

Likita ya hana jirgi. Zuciya, in ji shi.
To, muka hau bas.
Ran Lahadi na tura kekensa har cocin Armeniyawa.
A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, sabo,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ciki lubban, kyandir tsaye cikin yashi,
murya ɗaya ta tashi tana ta hawa, ba ganga, ba tafi.
Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Leɓensa na gani yana bi.
Azahar ta riske ni can, na fita,
na shimfiɗa kwat ɗina tsakanin motoci biyu.
Da na sallame, ga shi an turo shi bakin ƙofa,
takalmana a cinyarsa, wai kada su jiƙe.

A Fabrairu ya tafi, da asuba, ba ni ke aiki ba.
Lamara ta miƙo mini gwangwanin da ’yar takarda:
“Je ka gano mini. Ka ƙirga matakalar.”

A Agusta ƙanena ya turo hoto:
ruwa ya ci soron babanmu, tulluwar ta zauna,
azara a waje kamar haƙarƙari.
Na zazzage gwangwanin a kan gado, na ƙirga sau biyu.
Ya isa tikiti. Ya isa gyara.
Bai isa duka biyun ba.

Yana nan kan firji.
Lamara ta daina tambaya.
An kawo sabon tsoho ɗaki na sha ɗaya,
shi ba ya son aski.